Babi na Shida: Matatar Fetur da Numfashin Tsohon Inji

Babu injin fetur da ba ya yoyo ta ciki, ko da yau ya fito daga kamfani. Fistin yana hawa da sauka a cikin silinda, ringi na zagaye da shi don ya toshe tsakaninsa da bango, amma ringi ba rufaffen zobe ba ne. Dole a bar masa 'yar tsaga, domin ƙarfe yana buɗewa idan ya ji zafi. Duk sa'ad da fulogi ya ba da wuta fetur ya kama, wani ɗan kaso na hayaƙin yakan sulale ta wannan tsaga da ta gefen ringi, ya gangara tumbin inji, inda karanshaf ke juyawa a saman baƙin mai. Abin da ke sulalewa a tashi ɗaya bai taka kara ya karya ba. Sai dai inji mai silinda huɗu da ke juyi 3,000 a minti yana tashin wuta sau 6,000 a cikin wannan mintin, kuma direban da ya tashi daga Kano zuwa Maiduguri wuni zai yi a kan hanya.

Hayaƙin nan ba shi kaɗai yake sauka ba. Akwai fetur ɗin da bai ƙone ba, akwai kunkunniya, sannan akwai tiririn ruwa, wanda mutane da yawa ba sa kawo shi a lissafi. Lita ɗaya ta fetur idan ta ƙone tana haifar da kusan lita ɗaya ta ruwa. Mafi yawansa salansa ke fitarwa, shi ne ɗigon da ake gani a bakin salansa da sanyin safiya. Ragowar da ta faɗa tumbi, idan ta tarar da ƙarfe mai sanyi, sai ta koma ruwa ta cakuɗe da baƙin mai. Ruwa ya haɗu da sinadarin salfa na cikin fetur ya zama asid mai cin ƙarfe, ya haɗu da kunkunniya ya zama baƙin taɓo mai toshe hanyoyin mai. Fetur kuwa ya tsinka man, ya rage masa yauƙi.

Idan aka rufe tumbin ruf, to an ɗora tukunya a wuta an danne murfinta da dutse: tiririn zai nemi hanya, kuma ta inda ya fi rauni zai fita. A inji, wuraren rauni su ne sil na gaba da na bayan karanshaf, da gasket ɗin murfin bawul, da bakin gejin mai. Da yawa daga cikin tsofaffin motocin da ke barin tabon baƙin mai a ƙofar gida ana ɗora wa gasket laifi, a saya sabo a ɗaure, bayan wata guda tabon ya dawo. Gasket ɗin ba shi da laifin komai. Iska ce ke turo man daga ciki.

Maganin farko da masu ƙera motoci suka samo, wanda ya yi zamani daga ƙarshen shekarun 1920 har farkon shekarun 1960, wani bututun ƙarfe ne da ke fitowa daga gefen inji ya lanƙwaso ƙasa, bakinsa a yanke a karkace yana kallon titi. Idan mota na gudu, iskar da ke wucewa ta bakin bututun tana zuƙo hayaƙin waje, sabuwar iska kuma ta shiga ta murfin zuba mai, wanda aka cusa wa soson waya don ya tare ƙura. Dabara ce mai sauƙi, ba abin da ke motsi a cikinta balle ya lalace. Aibinta shi ne ba ta aiki sai mota ta ɗauki gudu, wajen kilomita 30 a awa zuwa sama. Motar da ke yawon cikin gari, a tsaya nan a tashi can, kamar ta rabon madara ko ta gidan waya, tumbinta ba ya samun shara, sai taɓo ya yi ta taruwa. Ga kuma man da bututun ke ɗigarwa. A tsofaffin hotunan manyan titunan Amurka ana ganin baƙin layi a tsakiyar kowane hannu, aikin waɗannan bututu ne.

Sojoji ne suka fara gajiya da shi. A Yaƙin Duniya na Biyu ana buƙatar motocin da za su ratsa kogi ruwa har ƙirji, bututun da bakinsa ke buɗe a ƙasa kuwa ƙofa ce ga ruwa. Sai aka toshe shi, aka ja tiyo daga tumbi zuwa manifol, wato maƙogwaron da inji ke shaƙar iska da fetur ta cikinsa, aka bar injin da kansa ya zuƙe hayaƙinsa ya sake ƙonawa. Bayan yaƙi dabarar ta kwanta a wasu motocin aiki, har wata matsala ta daban ta tono ta.

Birnin Los Angeles yana zaune ne a kwari, duwatsu sun tare shi, iskarsa ba ta saurin watsewa. Tun 1943 wani irin hazo mai yaji ya fara sauka a garin, yana sa ido hawaye yana ƙona ganyen amfanin gona. An zargi masana'antu, an zargi masu ƙona shara a bayan gida. A farkon shekarun 1950 wani masanin kimiyyar sinadarai ɗan asalin Holan, Arie Haagen-Smit, da ke koyarwa a Caltech, ya nuna cewa hasken rana ne ke dafa tiririn fetur da wasu iskokin da inji ke fitarwa su zama wannan hazo. Kamfanonin mota da na mai ba su so jin haka ba, amma da aka auna sai aka tarar kaso mai tsoka na fetur ɗin da mota ke zubarwa a iska ba ta salansa yake fita ba, ta wannan bututun na ƙasa ne. Jihar Kalifoniya ta sa sababbin motoci su zo da tsarin tiyon nan na sojoji daga ƙirar 1961, zuwa 1963 kusan duk sabuwar mota a Amurka tana da shi. Shi ne abin da ake kira PCV, na'ura ta farko da aka ɗaura wa mota da sunan tsabtace iska.

Ni a ganina, a cikin duk kayan da dokar hayaƙi ta tilasta wa masu mota, wannan ne wanda inji ya fi cin riba da shi. Wasu kayan da suka biyo baya a shekarun 1970 sun rage wa mota ƙarfi, shi ya sa masu tsofaffin motoci suka tashi da ƙiyayyar duk wani tiyo da ba su san aikinsa ba. Amma wannan yana share tumbi ko mota na tsaye a cunkoso, abin da bututun dā bai taɓa iyawa ba.

Bawul ɗin PCV, wanda ke kan tiyon da ke zuwa manifol, bai fi babban yatsa ba. A cikinsa akwai 'yar harsashiyar ƙarfe mai tsini da sifirin. Idan inji na silo, totur a rufe, zuƙar manifol tana da ƙarfi ƙwarai, hayaƙin tumbi kuma kaɗan ne. Zuƙar sai ta ja harsashiyar ta kusan toshe hanya, don kada iska mai yawa ta shiga ta dagula lissafin kafireta. Idan an taka totur mota ta ɗauki kaya, zuƙar ta yi sanyi daidai lokacin da hayaƙin ya ƙaru, sai sifirin ya tura harsashiyar baya hanya ta buɗe. Idan kuma inji ya yi atishawa wuta ta dawo ta manifol, harsashiyar ta koma ta rufe gaba ɗaya, wutar ba ta isa tumbi mai cike da tiririn fetur ba. Ba waya, ba kwamfuta.

Tsofaffin motocin Turai, waɗanda su muka fi sani a nan, ba dukansu suka bi wannan hanya ba. Da yawa sun wadatu da ɗan rami da aka auna faɗinsa a kan tiyon da ke zuwa manifol, da wani babban tiyo da ke zuwa iya-kilina, da soson waya mai tare ɗigon mai kada ya bi iska. Irin wannan ramin ba ya lalacewa, toshewa yake yi, kuma ba ya ƙara idan ya toshe. Wanda ke riƙe da Peugeot 504, motar da ta fito a Faransa a 1968 aka kuma yi ta haɗa ta a Kakuri ta Kaduna, a kamfanin da ya fara aiki a 1975, har cikin shekarun 2000, ya dubi tiyoyin da ke fitowa daga wajen zuba mai a motarsa. A kan samu ɗaya ya bushe ya tsage, ko an yanke shi an cusa tsohon fulogi ko ƙusa a bakinsa, ko an bar shi yana reto a gefen inji.

Duka ukun ɓarna ne, amma ba iri ɗaya ba. Wanda aka toshe yana tara iska a tumbi, mai ya tsattsafo ta ko'ina. Wanda ya tsage a ɓangaren manifol yana shigar da iskar da kafireta ba ta sani ba, silo ya ƙi zama, bakanike ya yi ta murɗa sukurun kafireta yana neman abin da ba ya can. Wanda aka bari a buɗe kuwa, a ƙasa irin tamu, shi ya fi muni. Tumbin inji ba fitar da iska kawai yake yi ba, yana ja yana saki yayin da fistin ke kai da komo. A watan Disamba da Janairu, lokacin da hazo ya rufe gari, ko a kan hanyar burji a bayan babbar mota, abin da buɗaɗɗen tiyo ke ja ƙura ce, kai tsaye cikin baƙin mai, ba ta bi ta wata matata ba. Ƙura da mai idan suka haɗu abin goge ƙarfe ne. Wanda ya ƙera Peugeot ɗin a Sosho ta Faransa bai yi tunanin hunturun Katsina ba, amma ko shi ya san iskar da za ta shiga tumbi sai ta bi ta iya-kilina tukuna.

Volkswagen Beetle, wadda ita ma aka haɗa a Legas daga 1975, tata matsalar daban ce. Injinta ba shi da matatar baƙin mai irin ta sauran motoci, 'yar rariyar waya ce kawai a ƙasa, man kuma duka lita 2.5 ne. A bayan fulin karanshaf babu sil. Wani zare ne aka sassaƙa a wuyan fulin da ke mayar da mai ciki yayin da yake juyawa, kuma tare da man yana jan iska, da abin da ke cikin iskar. Shi ya sa littafin motar ya ce a juye mai duk kilomita 5,000, shi ya sa kuma masu tsere da ita a rairayi suke sa mata sil na musamman a wurin. Mai Beetle a Arewa da ke jira sai mai ya yi baƙi ƙirin kafin ya juye, yana cin jarinsa ne.

Kafin a yarda da "Alhaji, ringi ne ya mutu, sai an sauke inji," akwai gwajin da bai cin ko sisi. A bar inji ya yi zafi yana silo, a cire murfin zuba mai, a ɗora 'yar takarda a bakin. A injin da ke da bawul ɗin PCV mai lafiya, takardar za ta manne ko ta ɗan lotsa ciki. Idan hayaƙi na bugowa waje da ƙarfi, abu biyu ne: ko ringi ya ci da gaske, ko hanyar numfashi ta toshe. Na biyun ake fara dubawa. A cire bawul a girgiza shi kusa da kunne. Mai rai yana ƙara, wanda taɓo ya riƙe shiru yake. A wanke soson waya da kananzir, a zura siririyar waya a ramin manifol, a hura tiyo a ji ko iska na wucewa. Sai bayan haka, idan abin bai sauya ba, a sa gejin kwamfireshan a kowace silinda. Bakaniken da ya ce a sauke inji bai auna ba, a ce masa, "Oga, bari dai mu fara da tiyon nan." Haka farin kumfa mai kauri da ake gani a ƙarƙashin murfin mai: sau da yawa ba gasket ɗin tof-silinda ne ya ƙone ba, tiririn ruwa ne da ya rasa mafita a motar da ba ta yin tafiyar da za ta gasa ta. Idan ruwan lagireto ba ya raguwa, a gyara numfashi a yi doguwar tafiya kafin a kwance komai.

Sai ɓangaren fetur. Kafireta aikinta auna fetur ta cikin ramuka, kuma ramin jet ɗin silo na Solex, irin wadda ke kan Beetle, bai wuce rabin milimita da ɗoriya ba. Ƙwayar tsatsa guda ta isa ta rufe shi. Tankin tsohuwar mota kuwa na ƙarfe ne, ya shekara arba'in ko hamsin. Duk daren da ya kwana rabi, iska mai laima na shiga, ta yi raɓa a bangonsa, ruwan ya nitse ƙasa tunda ya fi fetur nauyi, ya zauna yana cin ƙarfe. Ƙara da abin da ke zuwa daga waje: a lokacin wahalar mai kowa ya san jarkar 'yan bumburutu, da mazurarin da aka ɗaura wa ƙyalle. Ƙyallen yana tare tsakuwa da ƙwaro, ba ya tare ruwa ko garin ƙasa.

Masu ƙera motocin dā sun san da haka, sun jera shinge: rariya a bakin bututun cikin tanki, wata a cikin famfon mai, wata 'yar ƙarama a mashigar kafireta. Abin da na fi so a cikinsu shi ne kofin gilashin da ke ƙarƙashin famfon tsohuwar Land Rover. Fetur na shiga ya lafa, ruwa da datti su kwanta a gindi, direba ya leƙa ya gani da idonsa, ya kwance ya zubar ya mayar. Ba a sayen komai. Amma duk waɗannan manyan datti suke kamawa. Garin tsatsa mai laushi sai matatar takarda, 'yar robar nan da ake yanke tiyo a saka, wadda ake sayarwa a Ƙofar Ruwa da Panteka da kowane shagon sifiya-fat. Ta kafireta tana tare abin da ya kai wajen maikuron 30 zuwa 40, wato kusan rabin kaurin gashin kai.

Saka ta ba wuya, saka ta daidai ne ake kuskurewa. Tana da kibiya a jiki, kibiyar kafireta take nunawa. Wurin da na fi yarda da shi shi ne kafin famfo, a ƙasa, a ɗaure ta a jikin mota nesa da manifol ɗin salansa. A nan tana kare ƙananan bawul ɗin famfo, kuma idan ta tsage iska za ta ja mota ta mutu. Idan tana bayan famfo ta tsage, fetur za ta fesa a kan inji mai zafi. Masu Beetle a duniya sun koyi wannan da asara. Bututun tagullar da ke shiga kafiretarta dannawa aka yi, ba zare gare shi ba. A rataya matata cike da fetur a tiyon da ke tsakanin famfo da kafireta, nauyinta da girgizar inji su yi ta jan bututun har wata rana ya zare, famfo ya ci gaba da watsa fetur a kan distiribita. Injin na baya, direba ba ya gani sai masu wucewa sun fara ɗaga masa hannu. A Beetle matata ƙarƙashin tanki take zama a gaba, ko a gefen giyabos, da kilif a kowane baki. Da a sa ta a ɗakin inji gara kada a sa, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Irin ta gilashi mai ƙyalli da ake murɗawa a haɗa ma ban ga abin so a cikinta ba, kyau ne da ita a ido, girgiza na kwance ta. Kuma kada a ɗauki ta kafireta a sa wa mota mai injekta: matsin famfon kafireta ba ya kai rabin bar, na injekta yana kai bar 3, robar fashewa za ta yi.

Matatar da ta cika tana da alamarta. Mota na silo lafiya, tana yawon gari lafiya, amma a Hawan Kibo ko wajen wuce tirela sai ta fara shaƙewa ta mutu. A tsaya minti biyar, dattin ya saki takarda ya kwanta, ta tashi kamar ba ita ba. An sha canza kwayil da kwandansa saboda wannan. A zafin Afrilu na Sakkwato abin yakan haɗu da wani: famfo na ja ta toshasshiyar matata, fetur mai zafi ya tafasa a cikin bututu ya zama tiriri, famfo kuwa ba ya iya tura tiriri. Jiƙaƙƙen tsumman da tsofaffin direbobi ke ɗorawa a kan famfo ba camfi ba ne, yana sanyaya shi tiririn ya koma fetur. Abin da ba shi da amfani shi ne hura matatar takarda da baki a mayar, ko huda ta da ƙusa don mai ya wuce.

Waɗannan abubuwa biyu, matata da numfashi, a inji ɗaya suke haɗuwa, kuma cutar ɗaya na komawa kan ɗayan. Ƙwayar datti ta wuce ta maƙale a ƙarƙashin allurar fulot, allura ta kasa rufewa, kafireta ta yi obafulo. Fetur ɗin da ya yi yawa ya wanke man da ke bangon silinda, ringi ya goga ƙarfe a bushe, ya ci, hayaƙin da ke sulalewa tumbi ya ninka. Hanyar numfashi da aka auna wa lafiyayyen inji ta kasa ɗauka, mai ya fara hawa iya-kilina, ya bi iska ya shafe kafireta da fulogi. A nan ne wani zai ce tiyon ne ke kawo mai, ya yanke shi ya yar.

Akwai kuma gajeriyar hanya da fetur ke bi ya faɗa tumbi ba tare da ya ga kafireta ba. Famfon mai na tsofaffin motoci a jikin inji yake ɗaure, kamshaf ke kaɗa hannunsa, kuma abin da ya raba fetur da baƙin mai a cikinsa 'yar fatar roba ce guda. Robar dā ba a yi ta don fetur mai gauraye da barasa ba. Masu tsofaffin motoci a Birtaniya sun shiga wannan damuwa da aka mayar da fetur mai ethanol kashi 10 cikin 100 ya zama na yau da kullum a Satumban 2021, mu kuma a Fabrairun 2022 mun ga abin da fetur mai methanol fiye da ƙima ya yi wa motoci a Legas da Abuja. Irin wannan man yana busar da tsohon tiyo, yana ɓamɓaro dattin da ya daɗe manne a tanki, yana kuma cin fatar famfo. Idan fatar ta huje, a wasu famfunan fetur na ɗiga waje ta wani ɗan rami da aka bari don gargaɗi, a wasu kuwa ciki yake zuba, mota na tafiya lafiya ba alamar komai. Alamar a gejin mai take: baƙin mai ba ya ƙaruwa da kansa. Idan ka zaro geji ka ga ya haura layin da ka bar shi, ka shinshina, ka murza shi tsakanin yatsu. In ya yi warin fetur ya tsinke, kada a tayar da motar. A canza famfo ko fatarsa, a juye man gaba ɗaya tare da matatarsa, domin abin da ya rage a cikin tsohuwar matatar mai ya isa ya tsinka sabon.